Kawu Bai Ga Kashi na Biyu Ba

Na Allah muke, gare shi za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Kawu ya riga mu ranar wata Laraba da hantsi, a gadon asibiti, matarsa da muke kira Inna tana riƙe da hannunsa.

Kafin la'asar an kai shi an dawo, gidansa na unguwar Ɗan Iya ya cika maƙil. Maza a rumfar ƙofar gida, mata a tsakar gida. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na girma tun rasuwar mahaifiyata, saboda haka ni ce mai shiga da fita da kwanuka da tabarmi, kuma kunnena ya sha magana ranar nan.

Tsofaffin abokan aikinsa na gandun daji sun zo da sandunansu, kowa yana ba da shaidar bai taɓa bari an sare itacen gwamnati don an danƙa masa wani abu ba. Daga zaure na jiyo liman yana doguwar addu'a. Ya ambaci sahun farko, ya ambaci zumunci, da ya iso kan shekarun Kawu na ƙarshe sai ya tsallake, kamar mai fararen kaya ya zo bakin kwata. A bayana kuwa wata maƙwabciya tana ɗauraye kofuna tana yi wa 'yar'uwarta raɗa, irin raɗan nan da ake so a ji.

"Wai ɗan fim ne. Ni dai tun da nake ban taɓa ganinsa a talabijin ba."

"Ke dai bari. Tsufa ne, kowa da yadda yake zo masa."

Na dangwarar da tire har suka waigo. Amma ba ƙarya suka yi ba. Babu wanda ya taɓa ganinsa a talabijin a unguwar nan, har da Inna, kuma abin da ya kwana ya tashi yana so ke nan.

Washegari Darakta ya zo. Ɗan aminin Kawu ne, shi ne mai ƙaramin kamfanin fim ɗin da Kawu ya ƙarar da tsufansa a ciki. Ya shigo da baƙin tabarau da shadda mai maiƙo, ya durƙusa gaban Inna ya ce uban kamfani ya tafi, an bar su marayu. A bakin ƙofa akwai wata mace zaune shiru da ɗankwali. Ita ce mai ɗaukar hoton kamfanin a da, Kirista ce daga kudancin jiha, ta taso tun daga Jos da ta ji labari.

Inna ta dubi Darakta ba tare da wani nufi ba ta ce, "Ɗan nan, har shekaranjiya yana tambaya yaushe za ku fara. Ga rigar fim ɗin can a goge."

Ya sunkuyar da kai ya ce Allah bai nufa ba. Mai ɗaukar hoton ta ɗago ta dube shi, ta dubi Inna, sai ta rushe da wani irin kuka har mata suka tashi suka riƙe ta. Wasu suna ta mamakin bare ta fi dangi kuka. Darakta bai jira aka shafa fatiha ta biyu ba, ya ce yana da baƙi.

Da wannan kukan na fara rubutun nan. Ba na son abin da zai rage na Kawu a unguwa ya zama raɗan masu wanke kofi.

Tun muna yara mun san Kawu mutum ne mai baki da yawa a cikin baki ɗaya. Zai fita ya yi magana da mai gyaran famfo na ɗan lokaci, ya dawo ya zama mai gyaran famfon, har tafiyarsa da yadda yake sosa ƙeya. Da ƙuruciyarsa ya yi wasan daɓe a ɗakin taro, irin na wayar da kai kan rigakafi da dashen itatuwa, sannan aikin daji ya ɗauke shi zuwa ƙauyuka. Da ya yi ritaya muka ɗauka zai zauna a benci ƙofar masallaci kamar sa'o'insa. Sai ga Darakta ya zo da zancen kamfani.

Kamfanin ɗaki biyu ne a unguwar Gwallameji, saman wani shagon fenti. Ba sa yin fim ɗin da ake kaiwa kasuwa. Aikinsu shi ne su shirya kashi na farko na dogon shiri, su ɗauke shi su tafi talla gidajen talabijin da ƙungiyoyi a Abuja ko Kano, in an samu mai ɗaukar nauyi a ci gaba da sauran. Su failot suke ce masa. Kawu kuwa ɗanɗano yake cewa, wai kamar yadda mai kilishi yake yago maka kaɗan ka ji ko za ka saya. Shekaru suka yi ta yago wa mutane, ana cinyewa ana cewa za a neme su.

Darakta yana da wata aƙida: wai masu kuɗi ba sa buɗe aljihu sai an yi mutuwa a kashi na farko. To wa zai mutu in ba tsoho ba? A wani shirin hawan jini ya kayar da Kawu ana tsakiyar rabon gona. A wani mota ta buge shi a wani lungu a Gwallaga, yara suka taru suna ihu har wata tsohuwa ta fito da ruwa za ta yayyafa masa. A wani kuma guba aka zuba masa a kunu. Yakan dawo gida rigarsa duk ƙasa, Inna ta karɓa tana tsaki.

"Yau kuma me ya kashe ka, Malam?"

"Yau suruka ce. Ki sa min ruwan wanka."

Wata rana a gabana ya tambayi Darakta, da dariya amma ba dariya ba ce har ciki, "Wai ni ba za a taɓa barina in ga kashi na biyu ba?" Darakta ya ce, "Baba, ai kai ne ginshiƙi, in ka faɗi ne gidan yake motsi." Da irin wannan zaƙin bakin ya riƙe shi.

Daga wurin aikin nan ya kwaso kalmar da ta zama tasa. Tuwo ya kama, jika ya fasa kofi, na kawo masa ƙorafin maigidana, amsarsa ɗaya ce: "Ba komai, a sake ɗauka." Har masu keken layinmu suka ɗauka, in sun hango shi sai su ɗaga murya, "Baba, a sake ɗauka!" Shi ya ɗauka ƙauna ce. Wasunsu ƙaunar ce, wasu kuwa na san dariyar da suke yi in ya ba da baya. Mata kuma a gidan suna sukan tari Inna da "Sannu matar jarumi, yaushe za mu kunna mu gan shi?" Takan yi murmushi, ta dawo gida ta kwanta da ciwon kai.

Duk ranar ɗauka sai ya tashi da asuba ya sayo masa mai zafi da miya a kula, ya hau keke da ita har wurin aiki, don ya ce yaran nan da yunwa suke riƙe kyamara, shi ya sa hoto yake rawa. Falonsa ma wurin ɗaukarsu ne: ya zama ofishin alƙali, ya zama ɗakin likita, ya zama gidan attajiri. Lokacin da mai ɗaukar hoton nan ta nemi ɗakin haya aka yi ta juya ta, wai mace ce ba aure kuma ba a san iyayenta ba, Kawu ne ya sa babbar riga ya je ya zauna gaban mai gidan ya ce, "Ni ne ubanta a garin nan. In ta fasa maka tukunya, ga gidana." Tun daga ranar ba ta ƙara kiransa da wani suna ba sai Baba.

Ni kuwa Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Shekarar da na yi ɓari na rufe baki na daina magana da kowa, kullum da la'asar sai ya zo gidana ya zauna a bakin gado. Ba ya wa'azi, ba ya cewa in yi haƙuri. Sai ya fara kwaikwayon Inna tana cinikin kifi, ya koma mai kifin yana rantsuwa, ya koma kifin kansa yana sauraronsu. Na daure iyakar daurewa, ran nan dariya ta ƙwace min, daga dariyar kuka ya biyo. Ya tashi ya karkaɗe riga ya ce to aikinsa ya ƙare, ya tafi sallah.

Sai aka zo kan shiri na ƙarshe. Wannan karon Kawu ne jigon labarin, wani tsohon sarkin tasha mai raba rigimar direbobi da fasinjoji. Ranar da aka gama ɗaukar kashi na farko ya shigo gida kamar yaron da aka saya wa keke, ya nufi Inna.

"Hajiya, yau ban mutu ba! Da ƙafata na fita daga ɗakin, aka ce kat, an gama."

A lokacin akwai wani ƙari da ya fito masa a wuya, ƙarƙashin kunnen hagu, bai wuce girman goro ba. In yana tunani yakan kai yatsa yana shafa shi. Darakta ya ga haka a kyamara ya ji daɗi, ya ce wannan shi ne tambarin sarkin tasha, duk lokacin da zai yanke hukunci ya shafa wurin. Da za su tafi talla ya ja kunnen Kawu: "Baba, kada ka canza komai. Gemu, aski, komai. Yadda kake ɗin nan muke so mu dawo mu same ka." A aikinsu akwai doka, wai kwantiniti: yadda mutum ya fita a wannan kashi, haka zai shigo a na gaba, ko da shekara ce tsakani. Kawu ya riƙe dokar nan kamar yadda ya riƙe dokar daji. Wanzaminsa ma sai da ya koyi aski da hoto a hannu.

Ƙarin ya fara girma. Na kai shi asibiti da ƙyar, likita ya taɓa ya ce a cire tun yanzu a kai gwaji, ya ba mu rana. Ranar na zo da keke na same shi zaune a tabarma yana haddace maganganun kashi na biyu.

"Kawu, mai keke na jira."

"Ki sallame shi, Uwata."

"Yau likita ya ba mu."

"Ba ki san aikin nan ba. Mutum ya fita daga ɗaki da ƙari a wuya, ya dawo babu ƙari sai tabon ɗinki? Masu kallo wawaye ne?"

"Waɗanne masu kallo, Kawu? Wa ya taɓa kallonka? Shekara nawa kana faɗuwa a ƙasa, ko a gidan mai shayi an taɓa nuna ka?"

Ya ajiye takardar a hankali. Bai taɓa yi min irin kallon nan ba. Ya ce, "Shi ya sa ba zan ɓata wannan ba. Baiwar Allahn can ta sha gori saboda ni. Sau ɗaya dai ta kunna ta gan ni, daga nan ku yanka duk inda kuke so." Ya yi makonni ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Har gobe ban ga laifina ba, da zan samu dama ma da na ƙara.

Daga nan na wuce Gwallameji, na hau benen nan mai warin fenti. Na tarar da Darakta yana waya yana dariya. Na ce masa ƙarin nan ciwo ne, shi kaɗai Kawu zai saurara, ya buɗe baki ya ce masa ya je a yi aiki.

"Anti, ki kwantar da hankalinki. Zan yi masa magana da kaina."

Ya yi maganar kuwa, ina wurin. Ya ce, "Baba, lafiya ita ce gaba da komai." Sai ya ƙara da cewa, "Amma fa muna dab, wata mai zuwa in sha Allahu." Ya san sarai wanne Kawu zai ji a cikin biyun.

Wata mai zuwa ya zo ya wuce. Damina ta sauka ta ɗauke. Goro ya zama lemun tsami, muryar nan mai iya zama kowa ta fara dishewa. Inna tana goge rigar sarkin tasha duk Juma'a tana mayarwa a rataye. In ya kira Darakta, ko dai ba a ɗauka ba, ko a ce Abuja ce ta riƙe su. Ranar da ya kasa haɗiye kunu ne ya yarda muka ɗauke shi. Likita ya duba hotunan, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ina kuka tsaya?" Na rasa ta inda zan fara yi wa mutum mai hankali bayanin kwantiniti.

A asibitin ma bai bar zancen ba. Ana gobe zai rasu ya yafito ni, na kai kunne bakinsa, don muryar ta kusa ƙarewa.

"Uwata, ki ce wa yaron nan, in ya ga wuyan ya yi yawa, a naɗa min rawani. Sarkin tasha zai iya yin rawani."

Na ce to, zan faɗa masa.

Bayan addu'ar uku mai ɗaukar hoton ta zo gidana kafin ta koma Jos. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa.

"Anti, ki yi haƙuri, ni ban sani ba. Wallahi na ɗauka Baba ya sani."

"Ya san me?"

"An karɓi shirin tun tafiyar farko. Gidan talabijin suka ce suna so, amma ba su san fuskar Baba ba, sai a kawo wanda mutane suka sani. Da daminar nan aka sake ɗaukar komai a Kano, da wani. Ni ma ba su tafi da ni ba. Oga ya ce mana Baba ne da kansa ya janye saboda jiki."

Ta ce duk lokacin da ta kira shi a waya ba ta tayar da zancen, don kada ta fama masa ciwo. Shi kuma in za su yi sallama sai ya ce, "Sai mun haɗu a wurin ɗauka, 'yata." Ta ɗauka barkwancinsa ne na kullum.

Wato ranar da na hau benen nan, magana ta riga ta ƙare. Kalma ɗaya ce tsakanin Kawu da ɗakin tiyata, mutumin da Kawu ya tsaya wa a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa ya ga nauyin faɗinta ya fi ƙarfinsa. Mutane suna ce min kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma musulma ce, ko an cire ƙarin in wa'adi ya yi sai ya tafi. Amma da ya tafi ba yana jiran mutanen da suka daɗe da wucewa ba. Ban yafe wannan ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa na yafe don a ce ina da kirki ba.

Ban faɗa wa Inna ba har ta fita takaba. A makon ne aka fara tallar shirin, wata maƙwabciya ta shigo da gudu ta ce ai ga abin Malam can za a fara. Dole na zaunar da ita na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na ji. In lokacin ya yi ki kunna."

Bayan magariba falon ya cika da mata, har da masu wanke kofi. Aka nuno tasha, aka nuno wani sanannen ɗan wasa da tumbi da rinannen gemu yana faɗin maganganun da muka haddace tare da Kawu a tsakar gidan nan. Leɓen Inna yana motsi, tana riga shi ƙarasawa. Can aka nuno shi ya koma gida ya zauna a falo da 'ya'yansa, kyamara ta bi bango. A bangon, cikin firam mai ruwan zinare, ga Kawu. Hularsa ce, murmushinsa ne, har da yatsa a wuya. Ɗan wasan ya ɗaga kai ya nuna hoton ya ce wa 'ya'yan, "Allah ya jiƙan kakanku, da yana raye da ba a yi haka ba."

Wata ta ce a hankali, "Lah, ga shi kuwa ya fito."

Inna ta juyo gare ni. "Yaushe kika ce an ɗauki wannan?"

"Da damina, Inna."

"Da damina," ta maimaita. "Yana nan zaune yana cin tuwona."

Ta tashi ta shiga ɗaki, matan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa dariyar da ya ba bayinsa ta yi masa nauyi a mizani, ya saukar da shi inda ba a yi wa kowa alkawarin wata mai zuwa.

Na so in kai ƙara, na so in sa a cire hoton. Inna ta hana. Yanzu duk ranar shirin tun kafin magariba take sa a duba ko akwai wuta, in babu a tayar da inji. Tana jawo kujera dab da talabijin, ta rage murya har ƙasa, don ba ta son jin bakin kowa a ciki. Bangon nan kawai take jira. Wani makon kyamara tana bi ta kansa, wani makon har a gama ba ta bi ba.